Kafin A Jefar Da Na'urar Zuƙe Ƙura, A Fara Duba Mesarta Da Mariƙinta

Matashin da gilashin wayarsa ya fashe ba ya jefa wayar a bola. Idan a Kano yake, sai ya nufi Farm Centre a canza masa gilashi, ya biya, ya ci gaba da harkarsa. Idan kuma wayar ta daina caji, zai fara da sauya igiyar caja, sannan kan cajar, sannan ya sa tsinke ya zaƙulo ƙurar da ta taru a ramin caji. Sai duk waɗannan sun ƙi aiki ne zai yarda cewa matsalar daga ciki take.

Amma wannan matashin, ranar da na'urar zuƙe ƙura ta gidansu, ko ta masallacin unguwa, ko ta wurin wankin mota ta daina ja, hukunci ɗaya yake yankewa: ta ƙone. Sai a tura ta sito, a koma wa tsintsiya, bayan shekara guda 'yan jari bola su saye ta a kan kuɗin da bai kai na katin data ba.

Wannan hukunci gaggawa ce, kuma asara ce. Matuƙar na'urar tana tashi idan an kunna ta, injinta yana raye. Ƙarfin janta na iya ɓacewa gaba ɗaya saboda ƙwallon dabino guda da ya maƙale a mesa, ko wata 'yar tsaga da ba ta kai tsawon farce ba a kusa da mariƙi. Duk wanda ya iya bin diddigin matsalar caja zai iya bin diddigin wannan, domin dabarar iri ɗaya ce.

Yadda na'urar take aiki

Tun daga babban injin da Hubert Cecil Booth ya ƙera a Ingila a 1901, wanda doki ke ja daga gida zuwa gida, zuwa ƙaramar na'urar da James Murray Spangler ya yi wa rajista a Amurka a 1908 kafin William Hoover ya sayi fasahar, tushen aikin bai canza ba. Inji yana juya wata 'yar fanka da gudu, fankar tana korar iska waje ta baya, sai iskar ɗaki ta ruga ciki ta gaba domin cike gurbin. Wannan iska mai gudu ita ce take kwaso ƙura. Tana shiga ta bakin da ke shafar kafet, ta bi sandar ƙarfe, ta ratsa mariƙi, ta bi mesa, ta sauke datti a jaka ko a cikin gwangwani, ta wuce ta filta, sannan ta fita.

Hanya ɗaya ce, kuma abu biyu ne suke lalata ta: ko ta toshe, ko ta yi yoyo. Idan ta toshe, iska ba ta samun wucewa. Idan ta yi yoyo, iska tana shiga ta tsagar maimakon ta shiga ta bakin da ke kan kafet, injin yana ta aiki amma ƙurar tana nan inda take.

Akwai wani abu da masu na'urar da yawa ba su sani ba. A galibin na'urorin gida, iskar da ake zuƙowa ita ce take sanyaya injin. Shi ya sa idan mesa ta toshe na'urar takan yi zafi, ta kashe kanta bayan 'yan mintuna. Wani ɗan mai gadi ne a jikin injin yake yanke wuta idan zafi ya yi yawa, kuma yakan saki idan ta huce. Mai gida yana ganin ta ɗauke sai ya ce ta mutu, alhali kare kanta ta yi. Wanda ya ci gaba da kunna ta a haka ba tare da ya buɗe hanyar iska ba, shi ne a ƙarshe zai ƙona injin da gaske.

Binciken da ba ya cin ko sisi

Masu rubuta manhaja suna da wata ɗabi'a idan aiki ya lalace: ba sa zargin komai da komai a lokaci guda. Sukan raba aikin gida biyu, su gano ɓangaren da laifin yake, su sake raba shi, har su iso kan layin da ya ɓata lamarin. Haka ake yi wa na'urar zuƙe ƙura.

A zare mesar daga jikin na'urar, a kunna, a ɗora tafin hannu a kan ramin da mesar take shiga. Idan ta damƙe hannun da ƙarfi, to inji da filta lafiyarsu lau, matsalar tana daga mesa zuwa gaba. Idan jan ya yi rauni tun daga nan, sai a duba jaka ko ta cika, filta ko ta toshe, da robar murfi ko ta zame. Ƙurar hunturu mai laushi, da garin siminti, da toka, suna liƙe ramukan filta da sauri, ko da jakar ba ta kai rabi ba.

Idan jikin na'urar ya ci wannan gwaji, sai a mayar da mesar ita kaɗai a gwada bakinta. Daga nan a ƙara mariƙi, a gwada. A ƙara sanda, a gwada. A ƙara kan da ke shafar ƙasa. Duk inda jan ya faɗi, nan ɓarawon yake.

Kunne ma yana da aiki. Idan hanya ta toshe, ƙarar injin takan ƙara tsini kamar tana kuka, saboda fankar ba ta samun iskar da za ta tura, sai ta ƙara gudu. Idan yoyo ne, sai a ji fito ko huci daga wani wuri a jikin mesar, musamman idan aka lanƙwasa ta. Wasu na'urori masu batir, irin na Dyson, sukan riƙa tashi suna ɗaukewa a jere idan iska ba ta wucewa. Mutane da dama suna ɗauka batir ne ya mutu su sayi sabo, alhali kamfanin da kansa ya bayyana cewa wannan alamar toshewa ce.

Idan toshewa ce

A fara da cire filogi daga soket. Wannan ba ya buƙatar shawara. Sannan a miƙe mesar a tsaye, a jefa kwabo ko wani ɗan ƙaramin noti ta sama. Idan ya faɗo ta ƙasa, hanya a buɗe take ko kusa da haka. Idan bai faɗo ba, a girgiza a saurari inda ya tsaya. Fitilar waya ma tana taimakawa: a haska ta baki ɗaya, a leƙa ta ɗayan.

Abubuwan da suke toshe mesa sanannu ne: tsinken sakace ko ashana da ya gitta, sai gashi da zaren kafet su taru a kansa, murfin biro, safar yara, guntun ledar ruwa, bawon gyaɗa, ƙwayar carbin da ya tsinke. Galibi sukan tsaya ne a inda hanya ta lanƙwashe, wato a wuyan mariƙi, ko a gwiwar kan da ke shafar ƙasa.

A tura su da abu marar tsini, kamar sandar mofa ko siririyar mesar ruwa. Kada a zura ƙarfen rataya kaya mai kaifi, domin zai huda jikin mesar, a tashi daga targaɗe a koma karaya. Idan mesar ba ta ɗauke da wayar lantarki, ana iya wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, amma sai ta bushe ƙarau kafin a mayar. Haka ma filtar da ake wankewa: Dyson, alal misali, yana cewa a bar ta ta bushe aƙalla awa 24. Danshi kaɗan a cikin injin ya isa ya jawo ɓarnar da ta fi ta farko.

Idan tsaga ce

Mesa tana shan wahalar da babu wani sashe na na'urar da yake sha. Ana jan na'urar da ita kamar akuya, ana taka ta, ana murɗa ta, ana naɗe ta a matse, ana barin ta a rana. Shi ya sa ta fi yawan tsagewa a bakunanta biyu, inda roba mai laushi ta haɗu da roba mai tauri.

Hanyar gano tsagar mai sauƙi ce. A kunna na'urar, a toshe bakin mesar da hannu na ɗan lokaci, a riƙa bin jikinta da guntun tishu. Inda tishun ya manne, nan yoyon yake. A miƙar da mesar sosai, domin tsaga takan ɓuya a cikin kwarin da ke tsakanin zobbanta.

Idan tsagar tana kusa da baki, gyaran na iya zama na mintuna goma. Mesoshi da yawa, irin na Henry da kamfanin Numatic yake ƙerawa a Ingila tun 1981, bakinsu ɗaura shi aka yi a kan zobban mesar kamar murfin kwalba. Sai a kwance bakin, a yanke guntun da ya tsage da reza mai kaifi, a sake ɗaurawa. Abin lura shi ne da yawa daga cikinsu ɗaurin hagu ne, wato ana kwance su ne ta wajen da aka saba ɗaurewa. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗawa yana ƙara matsewa har ya fasa. Wasu kuma wani zoben roba mai haƙora biyu ko uku ne yake riƙe da su, sai a danna haƙoran da bakin sukuddireba a zare. Mesar za ta rage tsawo kaɗan, amma janta zai dawo.

Idan tsagar a tsakiya take, ana iya goge wurin, a naɗe shi da salatif mai ƙwari, ko a zura masa yankin robar cikin tayar keke. Wannan ɗinkin wucin gadi ne, da babu gara ba daɗi. Abin da ba ya aiki shi ne sufa gulu, domin yana bushewa ya yi tauri, ita kuwa mesa lanƙwasa ce aikinta, sai ya sake ɓallewa. Idan robar ta tsufa har tana tsagewa a wurare da yawa, sai a nemi sabuwa. A auna faɗin bakin kafin a je kasuwa. Milimita 32 da milimita 35 su ne suka fi yawa: Henry yana amfani da 32, Miele kuma 35. Akwai 'yan mahaɗai da ake sayarwa masu haɗa wannan da wancan.

Mariƙi

Abu na farko da za a duba a mariƙi yana iya ba mutum dariya. Yawancinsu suna da wata 'yar ƙofa mai zamewa, wadda aka yi domin rage ƙarfin ja idan ana share labule ko sallaya marar nauyi. Idan yaro ya ture ta, ko ta ɓalle ta faɗi, iska za ta riƙa shiga ta nan. A rufe ta, ko a liƙe ramin, shi ke nan.

Na biyu shi ne mahaɗar da take juyawa tsakanin mariƙi da mesa. Tana da zoben roba a ciki, wanda yakan cinye ko ya cika da yashi. A buɗe, a goge, a mayar da zoben mazauninsa. Na uku, maɓallin da yake kama sanda: idan sandar tana zamewa, galibi ɗan sifirin ɗin da ke ƙarƙashinsa ne ya kauce.

Wasu na'urorin suna da maɓallan kunnawa da ƙara ƙarfi a jikin mariƙi, masu aiki da ƙananan batura kamar rimot ɗin talabijin. Irin waɗannan idan suka shigo a kayan kwance, sau da yawa baturan sun daɗe da mutuwa, ko sun zubar da ruwa sun yi tsatsa a mazauninsu. Sabon batir da ɗan gogewa ya wadatar. Inda kuma makunnin wuta ne na gaske, mitar da masu gyaran waya suke riƙe da ita kullum za ta nuna ko yana haɗa layi ko ba ya haɗawa, bayan an cire filogi.

Inda ya kamata a tsaya

Goyon bayan gyara ba ya nufin ganganci. Akwai mesoshin da suke ɗauke da wayoyin lantarki a jikinsu domin kai wuta ga buroshin da ke juyawa a ƙasa. Ana gane su da 'yan ƙarafa biyu ko uku a bakinsu. Irin wannan ba a yanka ta, ba a wanke ta, ba a naɗe ta da salatif, domin a hannun mutum take zama. Idan ta tsage, canji kawai.

Idan na'urar tana warin ƙuna, tana tartsatsi da yawa, ko igiyar wutarta ta saɓule, a kai wa mai gyaran lantarki. Batirin da ya kumbura kuma a cire shi a nisanta shi da ɗaki, kamar yadda ake yi wa na waya. Sannan kada a zuƙi ruwa da na'urar da ba a yi ta don ruwa ba, kada kuma a zuƙi tokar kaskon turaren wuta, domin garwashi guda a cikin jakar da ta cika da ƙura da gashi gobara ce.

Masu cewa gyara ɓata lokaci ne

Akwai masu ganin duk wannan wahalar banza ce. Hujjarsu ita ce ƙananan na'urori masu caji sun cika shagunan intanet da araha, kayan gyara kuma sai an sha yawo kafin a samu. Akwai gaskiya a ciki. Na'urar da aka manne jikinta da gam, ba ta da noti ko ɗaya, ba ta da lambar samfuri, ba a yi ta don a gyara ba.

Amma wannan hujja ce a kan sayen irin wannan na'urar tun farko, domin araha ba ta ado. Ba ta shafi tsohuwar na'ura mai ƙwari da take zaune a sito saboda tsagar mesa ba. Kuma duk wanda yake bin farashin kaya a kasuwa ya san cewa abin da aka saya shekara biyar da suka wuce ba zai sayu da wancan kuɗin a yau ba. Ga kwamitin masallacin da yake tara gudunmawa bayan sallar Juma'a, ko mai wankin motar da na'urar ce jarinsa, bambancin kuɗin mesa da na sabuwar na'ura ba ƙarami ba ne.

Sannan akwai batun shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki na 2024 ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan tulin ƙananan kayan gida ne, rukunin da na'urar zuƙe ƙura take ciki. A garuruwan da ake ƙona robar waya a fili domin a ciro jan ƙarfe, wannan hayaƙin a huhun yaran unguwa yake sauka.

Abin da Turai ta gane

Ƙasashen da suke ƙera waɗannan na'urori sun riga sun ɗauki mesa da muhimmanci. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 666/2013 ta ƙayyade cewa daga Satumban 2017 na'urar gida ba za ta wuce wat 900 ba, injinta ya iya aiki aƙalla awa 500, mesarta kuma ta jure lanƙwasa sau 40,000 tana nan da amfaninta. Sa mesa a cikin doka shaida ce cewa an san tana cikin sassan da suke tura na'ura bola da wuri.

Faransa ta fara tilasta wa kamfanoni manna makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa 10, a jikin wasu kayan lantarki a Janairun 2021, ta kuma shigar da na'urorin zuƙe ƙura a Nuwamban 2022. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar 'yancin gyara wadda ta haɗa da wayoyin salula, injinan wanki da na'urorin zuƙe ƙura, ta ba ƙasashenta wa'adin fara aiki da ita zuwa 31 ga Yuli, 2026. Tun kafin nan, a 2009, Martine Postma ta buɗe zauren gyara na farko mai suna Repair Café a Amsterdam, inda mutane suke kawo kayansu ana koya musu gyara kyauta.

Abin da ake kafa wa doka a can, al'ada ce a kasuwannin Kano, Kaduna da Maraɗi, inda ake gyara fanka, rediyo da dutsen guga tun zamanin kakanni. Abin da ya rage shi ne kayan gyara. A nan ne ya dace hukumomi irin SON da FCCPC a Najeriya su matsa wa masu shigo da sababbin na'urori lamba su riƙa kawo mesa, filta da jaka tare da su. Wanda ya sayar da na'ura ba tare da kayan canji ba, ya sayar da abin da ajalinsa yake rataye a jikin roba.

Kafin a sake saye

Mai saye ma yana da nasa aikin. Ya duba ko mesar tana cirewa, ko bakinta na daidai ne irin wanda ake samu a kasuwa, ko jikin na'urar da noti aka ɗaure shi, ko batirin yana fita. Ya ɗauki hoton lambar samfurin ya bincika a waya kafin ya biya: idan akwai bidiyon gyaranta a YouTube ko bayani a iFixit, alama ce mai kyau.

A kayan kwance kuma, a karanta takardar da ke manne a ƙasan na'urar. Wadda aka yi don Amurka da bolt 120 take aiki, wutar Najeriya kuwa 230 ce. Jona ta kai tsaye zai ƙona ta nan take, kuma taransifomar da za ta iya ɗaukar nauyinta babba ce mai tsada. Yawan wat ma ba shi ne ƙarfin ja ba. Tsohuwar na'ura mai wat 2,000 za ta durƙusar da ƙaramin janareta ko inbata, alhali mai wat 900 da hanyar iskarta take a buɗe za ta share kafet tas.

Ga matasan da suke zaune a teburin gyaran waya, wannan ƙofa ce da mutane kaɗan suka shiga. Masallatai, otel-otel, ofisoshi da wuraren wankin mota duk suna da waɗannan na'urori, kuma kayan aikin da ake buƙata suna kan teburin tuni: sukuddireba, mita, reza da fitila. Wuri mafi kusa da za a fara gwaji shi ne siton gida ko na masallacin unguwa. A ciro na'urar da aka yi wa jana'iza, a zare mesarta, a kunna, a ɗora hannu a kan ramin.